Yadda masu sana'ar fasaha a Zamfara za su isar da buƙatunsu ga masu tsara dokoki

Duk wanda abincinsa ya dogara da waya ko intanet a Zamfara ba zai manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin jiha saboda matsalar tsaro. Mai POS a Gusau ya wayi gari na'urarsa tana kwance a cikin durowa, mai shagon kwamfuta da ke cika wa ɗalibai fom ya ja ƙofa ya kulle, mai sayar da kati da data kuma ya koma zaman jiran tsammani. Ko mutum yana ganin matakin ya dace ko bai dace ba, a ganina ya nuna mana cewa shawarar da ake yankewa a ofis tana iya tsayar da sana'a a dare ɗaya, kuma wanda ba shi da bakin magana tun kafin a yanke ta, kukansa na baya ba ya kai ko'ina.

Abu na farko shi ne a haɗu a zama ƙungiya mai suna da rajista. Masu gyaran waya, masu POS, masu shagunan kwamfuta da matasan da ke rubuta manhaja kowa yana da damuwarsa, amma hukuma ta fi sauraron takarda ɗaya mai ɗauke da sunan mutum ɗari fiye da koke ɗari da suka zo a warwatse. A zaɓi amintattu, a rubuta tsarin mulki, a yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma a tabbata an sa wakilai daga Kaura Namoda da Talata Mafara da Gummi, domin kada tafiyar ta zama ta mutanen Gusau kaɗai.

Daga nan sai a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, domin a nan ne mafi yawan ƙoƙari yake lalacewa. Harkar layukan waya, da lasisinsu da farashin kira da na data, tana hannun gwamnatin tarayya ta hanyar NCC, ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. Ƙa'idojin POS da tura kuɗi na Babban Bankin Najeriya ne. Kare bayanan mutane yana hannun hukumar NDPC, wadda dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta kafa, bunƙasa fasahar zamani kuma aikin NITDA ne. Abin da ke hannun jiha da ƙananan hukumomi shi ne harajin wurin sana'a, da izinin kafa turakun sadarwa, da kuɗin da ake karɓa kafin a haƙa hanya a binne wayar intanet. Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. An yi yarjejeniya a matakin ƙasa cewa kada ya wuce naira 145 a kan kowace mita, kuma jihar Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Idan kuɗin nan ya yi tsada, ko izinin ya yi jinkiri, kamfani zai tsaya da wayarsa a babban birni, kuma mai shago a ƙauye ne zai ɗanɗana rashin sabis. Saboda haka ƙungiya ta fara bincikar abin da jiharta take karɓa a yau, da kwana nawa izini yake ɗauka.

Kafin a je gaban kowa, a tara hujja mai lissafi. A ba membobi littafi su riƙa rubuta ranar da sabis ya ɗauke da awa nawa ya yi, da cinikin da aka rasa, da rasidin duk harajin da aka biya da sunan ofishin da ya karɓa. Rasidi uku na haraji iri ɗaya a kan shago ɗaya, idan aka ɗora su a teburin shugaban kwamitin majalisa, sun fi dogon jawabi tasiri. Idan ana neman wani bayani daga hukumar tarayya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba da damar rubuta wasiƙa, kuma ta ɗora wa hukumar amsawa cikin kwana 7.

Takardar matsaya kada ta wuce shafi biyu. A faɗi ko su wane ne masu magana, a ambaci sashen dokar da ke cutarwa da lambarsa, a nuna illarsa da lissafin da aka tara, sannan a rubuta ainihin kalmomin da ake so a maye gurbinsa da su. Mutane da yawa suna tsallake wannan ɓangaren, alhali shi ne yake sauƙaƙa wa ɗan majalisa aikinsa. Idan an samu ganawa, a yi gaisuwar girmamawa, a ce, "Ranka ya daɗe, buƙata ɗaya ce ta kawo mu, ga ta a rubuce," kuma a guji cakuɗa ta da roƙon jari ko neman kwangila, domin da zarar an yi haka, an koma sahun masu neman alfarma.

Lokaci kuma yana da muhimmanci ƙwarai. Ƙudurin doka yakan tafi kwamiti bayan karatu na biyu, kuma a nan ne ake zaman jin ra'ayin jama'a, don haka a sa mutum ɗaya ya riƙa bibiyar ofishin akawun majalisa. NCC ma takan fitar da daftarin ƙa'ida ta nemi ra'ayi kafin ta tabbatar da ita. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Oktoban 2022 da masu sana'ar aka rubuta ta tun daga daftari. Harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin ɗari da Babban Banki ya sanar a watan Mayun 2024 kuwa, sai da aka yi ta kuka daga ko'ina kafin a dakatar da shi, kuma ƙaramar ƙungiya a jiha ba ta da ƙarfin tayar da irin wannan ƙurar ita kaɗai. Idan batu na tarayya ne, a aika kwafi ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai na jihar, a kuma nemi manyan ƙungiyoyi irin su ATCON, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta Najeriya, su ɗauki maganar.

Ranar kai takarda, a tafi da kwafi biyu, a sa ma'aikacin da ya karɓa ya buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata, a dawo da shi a adana a fayil ɗin ƙungiya. Bayan mako biyu a koma da wannan kwafin a hannu, a tambayi teburin da takardar ta kai.