Idan gwaji ya nuna ɗan tayi na da larura: abin yi kafin yanke shawara

Ku fara da tambayar likita ko sakamakon na hasashe ne ko na tabbatarwa. Gwajin jinin uwa na NIPT, daga mako na 10, da sikanin ƙeyar ɗan tayi a mako na 11 zuwa 14, yiwuwa kawai suke nunawa. NIPT ma ƙwayoyin halittar mabiyiya yake karantawa, kuma akan samu matsala a mabiyiya alhali yaron lafiya lau. Ba a yanke hukunci a kan irin wannan takarda.

Tabbatarwa sai da allura: ko a tsakuro naman mabiyiya, wato CVS, a mako na 11 zuwa 14, ko a zuƙo ruwan mahaifa daga mako na 15. Sakamakon farko kan fito cikin kwana 3, cikakkensa mako 2 zuwa 3. Haɗarin ɓari saboda allurar bai wuce 1 cikin 200 ba.

Sai a rubuta muku ainihin sunan larurar, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne. Masu larurar Down, wata matsalar ƙwayoyin halitta, kan kai shekara 60 a inda ake da kulawa, sai dai kusan rabinsu ana haihuwarsu da matsalar zuciya, don haka ku nemi a duba zuciyar tun yana ciki. A larurar Edwards da ta Patau, su ma na ƙwayoyin halitta, yawanci cikin kan zube ko jaririn ya rasu da wuri. Wanda ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kansa ba su haɗu ba kuwa ba ya rayuwa. Ku zauna da likitan yara, shi ke ganin irin waɗannan yaran bayan haihuwa, ku kuma ji ta bakin iyayen da ke rainonsu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lissafin lokaci. Dokar zubar da ciki ta bambanta: Ingila ba ta sa wa'adi ba idan larurar mai tsanani ce, wasu ƙasashen sun haramta sai don ceton ran uwa. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka ta halatta zubarwa kafin kwana 120, idan kwamitin likitoci ya tabbatar larurar mai tsanani ce marar magani, iyaye kuma suka nema. Kwanakin nan daga shigar ciki ake ƙirga su, likita kuwa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe yake ƙirgawa, don haka kwana 120 yana faɗowa wajen mako na 19 a katin awo. Babban sikanin duba gaɓoɓi kuma a mako na 18 zuwa 21 ake yi, wato lokacin na iya ƙurewa kafin a gano larurar. Wanda zai tuntuɓi malami ko fasto ya je da sunan larurar da makonnin a rubuce.

Idan za a ci gaba da cikin, a zaɓi asibiti mai sashen jarirai, a kuma tsara tun yanzu ko tiyata za a yi wa jaririn ko sauƙaƙa masa raɗaɗi kawai. Idan zubarwa ce, a hannun ƙwararru kaɗai: magani ba bisa ƙa'ida ba kan bar ragowar mabiyiya, jini ya ɓalle ko mahaifa ta kamu da cuta. Likita ya ji ta bakin matar ita kaɗai ko sau ɗaya ne, ba miji ba suruka a ɗakin.