Kurakuran da 'yan Bauchi da Gombe suka fi yi in za su Zanzibar

Kuskuren farko tun a gida ake tafka shi: sayen tikitin jirgi kafin biza ta fito. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya, ƙasar da tsibirin Zanzibar yake ciki, a filin jirgi, sai ya nema ta intanet ya jira, kuma takan ɗau makonni. A haɗa da katin rigakafin shawara da inshorar dala 44 da aka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024. A guji Maris zuwa Mayu, damina ce sosai.

Babban haɗari yana ruwa. Wanda ya saba da Wikki a Yankari, ruwa kwance, ana hango yashi a ƙasa, sai ya ɗauka teku ma haka take. Teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum. A Paje da Jambiani, ƙauyukan bakin teku a gabashin tsibirin, ruwa kan janye nesa ƙwarai. Mutum ya bi rairayi yana ɗaukar hoto, bai ankara ba ruwa ya dawo ya tare masa hanya. A tambayi jadawalin cikowa da janyewar teku a masauki kowace safiya. Mai son iyo a kowane lokaci, Nungwi ko Kendwa, can arewacin tsibirin, ta fi masa. Kada a shiga ba takalmin roba, don akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya, ƙayarta tana karyewa cikin tafin ƙafa. In igiyar ruwa ta ja ka ciki, kar ka yi kokawa da ita, yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ta sake ka. Rigar ceto kuwa ba abin kunya ba ce, a ɗaure ta tam tun kafin kwale-kwale ya tashi.

Wanda ya yi nutso da tukunyar iska kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 12, ko 18 in ya yi nutso fiye da ɗaya, domin iskar naitirojin da jiki ya sha tana iya yin kumfa cikin jini.

A ɓangaren tarihi, ana yi wa Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, gaggawa, ana kuma jingina komai ga Ingila. Turawan Fotugal ne suka fara, Larabawan Oman suka kore su a 1698, Ingila sai 1890. A ware yini guda: tsohuwar ganuwa ta Ngome Kongwe, sai majami'ar Angilika da aka gina inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873. A sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa, sai an sunkuya. Beit al-Ajaib, gidan sarauta na Sarkin Zanzibar Barghash, wani sashensa ya rufta a Disamban 2020, a bincika ko an buɗe shi kafin a je.