Masu aiki da furotin ɗin arkiya, don Allah ku daina waɗannan kurakuran

Ƙannena da kuke zuwa karatu nan Saudiyya aka ba ku bincike kan yadda arkiya (wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya, daban da bakteriya) ke kwafar DNA, na gaji da ganin rami ɗaya yana cin kowa. Dalilin aikin kun sani: MCM, wato helikes ɗin da ke raba igiyoyin DNA biyu kafin a kwafa, namu na mutane furotin shida ne daban-daban, na arkiya kuwa guda ɗaya ne ya maimaitu sau shida ya yi zobe, shi ya sa ya fi sauƙin sarrafawa.

Zafi shi ne babbar masifa. A cikin arkiya, Sulfolobus wajen digiri 80 yake rayuwa, Pyrococcus furiosus kusan 100, dole gwajin helikes ya ɗau zafi. Sai ka ɗauko DNA gajere ka saka a digiri 70, zafin kaɗai ya raba igiyoyin biyu, ka ga layi ya fito a jel ɗin da ake duba sakamako ka hau murna har ka tura wa malaminka hoto a WhatsApp wai MCM na aiki. Wallahi wannan ya ci min watanni, babi guda aka sa na goge. Bututun da babu enzayim a ciki wajibi ne, zafi ɗaya lokaci ɗaya da sauran, ni har da wanda babu ATP, makamashin da MCM ke aiki da shi, nake haɗawa. Tris, ruwan da ke riƙe pH na gwajin, wanda ka daidaita a sanyin lab ma pH ɗinsa sauka yake in ya yi zafi, ni a zafin gwajin nake aunawa.

Sannan ku daina rubuta "arkiya" kamar abu ɗaya ne, haba! PCNA, zoben da ke riƙe enzayim mai kwafi a kan DNA, na Sulfolobus sassa uku ne mabambanta, na Pyrococcus iri ɗaya ne. Pyrococcus na da PolD, wata enzayim mai kwafar DNA, Sulfolobus ba shi da ita. Haloferax volcanii kuwa a 2013 aka cire masa duk wuraren fara kwafi kuma ya ci gaba da girma, har ya fi sauri. Kuma arkiya ba su da DDK, enzayim ɗin da ke kunna MCM a jikinmu, to ta yaya daga jel ɗaya za ka tsallaka ka fara zancen ciwon daji a jikin mutum?

Saura ƙanana ne. Furotin ɗin masu son gishiri, irin na ramukan Bahar Maliya, kar ka rage masa gishiri. Duba intin (guntun da ke yanke kansa ya fita daga furotin) a jerin DNA ɗinka kafin ka yi odar firaima, wato gajerun DNA da ake fara kwafi da su. In naka na masu son zafi ne, ruwan E. coli da ka samar da furotin ɗin a ciki kuma ka dafa shi tukuna, nasa furotin su dunƙule naka ya saura.