Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa janareto da wutar gida, da yadda za a gyara su

Yawancin mutane inji suke fara siyowa, sai an sauke shi an yage kwali sannan a fara tambayar to ta ina ma zai shiga gidan. A ganina aikin baibai ne wannan, dan mafi yawan ɓarnar da ake ɗora wa janareto ba daga injin take ba, daga inda aka haɗa shi da wayoyin gida take, da lodin da aka jibga masa, da kuma wajen da aka ajiye shi.

Bari in fara da wanda yafi tada min hankali. Mutum ya samu waya ya saka mata filogi nan da can, kai biyu, ya cusa ɗaya a jikin janareto ɗaya kuma a soket ɗin bango, wuta ta kama ko'ina a gidan shikenan hankalinsa ya kwanta. Malam wannan wayar tana kisa. Na farko, da zarar ka cusa kai ɗaya a inji to ƙarfunan ɗaya kan da ke hannunka a buɗe suke kuma da wuta a jikinsu, yaro ya fizge shi daga bango ya riƙe an gama. Na biyu, wutar bata tsayawa a gidanka, in babban makunni yana kunne zata bi ta mita ta fita kan layi ta isa taransifoma, shi kuwa taransifoma ta kowane ɓangare aiki yake, yadda yake sauke wuta mai ƙarfi ya baka bolt 230 haka zai karɓi 230 ɗinka ya ɗaga ta ta koma dubbai, a wurare da yawa layin 11,000 ne. Ma'aikacin da ya hau falwaya yana gyara ya san an kashe layi daga tasha, bai san akwai wani gida da ke turo masa wuta ta baya ba. Na uku, in wutar kamfani ta dawo injin na aiki, wutoci biyu da basu tafiya tare zasu yi karo, koyil ɗin janareton ne zai fara ƙonewa, wani lokacin har da gobara.

Nasan amsar da ake bayarwa, wai ai ina kashe babban makunni kafin in tada inji. Kai kana kashewa, to ranar da baka nan fa, aka ɗauke wuta da daddare wani a gidan ya tashi da magagin barci ya ja inji? Abin da rayuwar mutum ta rataya a kansa ba a barinsa a hannun tunawa. Gyaran shi ne cenjoba, makunnin nan mai hannu da ke da matsayi uku, wutar layi, tsakiya a kashe, sai janareto, an ƙera shi yadda ba zai taɓa yiwuwa biyun su haɗu ba ko da gangan. Akwai mai sauyawa da kansa in aljihu ya kai, akwai kuma ƙarfen kulle da ake ɗaurawa a akwatin bireka, wato makunnan nan da ke faɗuwa in lodi yayi yawa, wanda ke hana kunna birekar inji sai an kashe babbar. Kowanne ka zaɓa, ƙwararren mai aikin wuta ne zai saka, kuma a bi ƙa'idar ƙasar da kake.

To shi cenjoban ma ana kuskure a kansa. Mutane suna auna shi da girman janareto, alhali duk lokacin da akwai wutar kamfani lodin gidan gaba ɗaya ta cikinsa yake wucewa, hita da esi da komai. In babbar birekar gidanka mai amfiya 63 ce kada cenjoban ya gaza haka. Buɗe murfin wanda yayi ƙanƙanta bayan 'yan watanni ka gani, bakin tagullar ya yi baƙi, robar wayar da ke kusa da sukurun ta bushe tana farfashewa in ka taɓa, ga wani ƙauri na roba da ke tashi duk sanda aka kunna abu mai nauyi. Sau da yawa ma sukurun ne ba a ɗaure da kyau ba, waya mai lilo kuwa zafi take haifarwa. Irin tsohon nan mai wuƙaƙe a fili ba murfi, a cire shi kawai.

Sai maganar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da wayar ƙasa, wato ta kariya wadda ake haɗawa da ƙasa, nan ne ko wasu masu aikin suke tafka kuskure dan ido baya gani. Wani janareton an haɗa nutural ɗinsa da jikin ƙarfensa tun daga masana'anta, wani kuma an bar shi ba a haɗa ba. Ƙa'idar ita ce haɗin nutural da ƙasa ya kasance a waje ɗaya tak lokacin da inji ke ba gida wuta. In ya zama biyu wuta zata riƙa bin wayar ƙasa tana yawo a jikin ƙarafa, in kuma babu ko ɗaya to na'urar nan mai katse wuta in ta ja mutum, RCD, mai miliamfiya 30, tana iya ƙin faɗuwa lokacin da ake buƙatarta. Yadda aka haɗa nutural ɗin injin shi ke nuna ko cenjoban zai yanke layif, wato waya mai kawo wuta, kaɗai ko har da nutural, dan haka ka ba mai aikin takardar injin ya karanta kafin ya siyo kaya. Kuma kada maɓallin gwaji da ke jikin RCD ɗin ya ruɗe ka, danna shi yana nuna na'urar na motsi ne kawai, baya nuna wayar ƙasarka lafiya take. Sai an gwada da mitar gwaji a soket, inji na aiki. Jikin janareton shi ma a haɗa shi da wayar ƙasa ta gidan da waya mai kauri, ba guntun da aka tsinto ba.

Yanzu lissafin lodi. Lambar da aka rubuta da manyan baƙi a jikin tanki yawanci ƙarfin da injin ke iya bayarwa ne na ɗan lokaci kaɗan, wanda zai iya riƙewa na awoyi yana ƙasa da haka, a ƙaramin allon jikinsa zaka gani. Sannan kVA da ake rubutawa a jikin inji daban, kW wato kilowat, ainihin ƙarfin da zai baka, daban, manyan injinan dizil galibi sai ka ninka da 0.8, kenan mai kVA 10 kilowat 8 zai baka.

Ɗauki takarda ka zagaya gidan ka rubuta wat ɗin kowane abu, yana nan a bayansa. Ƙwan fitila LED goma masu wat 10 ɗari kenan, fanka huɗu a kan 70 ya zama 280, talabijin kamar 100, firij kamar 150, duka 630, ƙaramin inji ma zai ɗauka. Matsalar tana wajen abubuwa iri biyu. Masu zafi, dutsen guga da butar lantarki da hitar wanka, kowanne shi kaɗai yana cin 1,000 zuwa 2,000 ko fiye, wato dutsen guga ɗaya ya fi duk waɗancan a haɗe. Sai masu mota a ciki, wato ɗan injin lantarki mai juyawa, firij da firiza da injin jan ruwa da esi, su kuma lokacin tashi suke fizgar wuta ninki uku zuwa bakwai na abin da suke ci in sun daidaita. Shi yasa zaka ga da firiza ta tashi fitilu sun yi dishi-dishi, muryar inji ta sauka kamar zai mutu sannan ya farfaɗo. Injin jan ruwa mai doki ɗaya, wat 746 a rubuce, yana aiki yana cin wajen 1,000, a tashi kuwa yana iya neman 3,000. Dan haka ka haɗa jimillar abin da zai yi aiki tare, ka ƙara fizgar tashin mota mafi girma, ka bar rarar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Kada kuma ka wuce gona da iri in dizil ne, injin dizil da ke yawan aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa baya ƙone mai da kyau, sai ka ga baƙin maiƙo na tsiyaya daga salansa.

Shawarar da nafi so in ga mutane sun ɗauka ita ce a raba akwatin bireka biyu. Abubuwan dole, fitilu da fankoki da firij da 'yan soket na caji, su koma ƙaramin akwati wanda inji ke ciyarwa, hita da kukar girki da manyan esi su zauna a wutar kamfani kaɗai. Ka huta da zagaye ɗaki ɗaki kana cewa a kashe kaza. In ba hali, aƙalla a rubuta sunan kowace bireka a jikinta a yi wa waɗanda ake kashewa alama.

Waya kuma kada a yi mata ƙwauro. Lissafin mai sauƙi ne, raba wat da bolt ka samu amfiya, inji mai wat 5,000 a kan bolt 230 kusan amfiya 22 kenan, waya mai kaurin mili 2.5 ta zo iyakarta a nan, mili 4 ake so, in tafiyar da nisa 6, dan doguwar waya tana cinye bolt a hanya. A ƙasashen da ke amfani da 120 irin Amurka amfiyar kusan ninkawa take a kan wat ɗaya, sai waya ta fi kauri. A duba ma tagulla ce ta gaskiya, akwai wadda alminiyom ne aka shafa wa ruwan tagulla, kankare bakinta da wuƙa zaka ga fari. Wayar ƙari da aka bari a naɗe tana ɗaukar lodi zafi take tarawa, a warware ta duka. Kada a bi da ita ƙarƙashin kafet ko ta matsin ƙofa, a saka soket na musamman a bangon waje mai murfi inda wayar inji zata riƙa shiga, da bireka daidai ƙarfin wayar.

Inda ake ajiye injin, wallahi nan ne rayuka suka fi salwanta. Saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama sai a shigo da shi gareji ko baranda ko ƙarƙashin bene, wani har kicin, a ce ai an buɗe taga. Hayaƙin da kake gani kana jin warinsa ba shi ne mai kisan ba, akwai iskar kabon monoksaid a ciki wadda bata da launi bata da wari, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, mutum ya fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, in barci yake kuwa bazai ma farka ya ji ba, gida guda ake rasawa a dare ɗaya, Allah ya kiyaye. Buɗe taga ko kunna fanka baya isa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana cewa a nisanta inji aƙalla ƙafa 20, kusan mita 6, daga ƙofa da taga da duk wata kafar iska, salansa kuma ta juya baya ga gida, naka da na maƙwabcinka. In tsoron sata ne a yi masa keji na ƙarfe da rufi a sama, gefuna a buɗe iska na ratsawa, a ɗaga shi kan dakali kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa. A saka ƙararrawar gano wannan iskar mai batir kusa da ɗakunan kwana. In mutum biyu uku a gida suka fara ciwon kai lokaci ɗaya inji na aiki, a fita waje nan take a kashe shi a tafi asibiti.

Mai kuwa ba a zubawa inji na aiki ko yana da zafi, a kashe a bari ya huce, jarka kuma a ajiye ta nesa.

Tadawa da kashewa ma suna da tsari wanda mutane ke tsallakewa. Cenjoba a tsakiya, a tada inji ya yi minti ɗaya biyu muryarsa ta daidaita, sannan a juya masa gida, a kunna manyan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Wajen kashewa a fara cire lodi tukunna. Barin mai ya ƙare da lodi a kai shi ke sa wuta ta riƙa hawa da sauka tana lalata AVR, wato na'urar daidaita bolt ta inji, da kayan gida. Wani kuskuren shi ne rage gudun inji wai dan a yi tattalin mai. Gudun ne ke riƙe da zagayen wutar, ƙaramin inji sai ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya bada 50 Hz, 3,600 a inda ake amfani da 60, ka rage shi ka rage wannan, motar firij da ta injin ruwa su riƙa zafi har su ƙone. Janareto mai inbata a cikinsa ne aka ƙera ya rage gudu da kansa da lodi a kai.

In kana da sola ko inbata mai batir, faɗa wa mai aikin tun farko. Cajar batir lodi ce babba a kan inji, sannan inbatar da aka ƙera ta tura wuta kan layi tana iya tura ta cikin janareto in ba a saita ta ba. Masu fes uku, wato gidan da layin wuta uku ke shigowa, su raba lodi daidai tsakanin ukun, a kuma duba jerin fes ɗin inji ya dace da na layi, in ba haka ba mota mai fes uku baya zata juya.

Ranar da aka gama aiki kada mai aikin ya tafi sai an gwada a gabanka da rana tsaka. A kashe wutar layi, a tada inji, a juya cenjoba, ya auna bolt a soket mafi nisa, ya auna ɓangaren mita ya nuna maka babu wutar da ke komawa, a bar lodi na rabin awa sannan a kashe komai a duba ko akwai waya ko sukurun da ya ɗau zafi. Duk wani babba a gidan ya tsaya ya gani ya gwada da hannunsa, a rubuta matakan a manna kusa da cenjoban, kuma ko ba a ɗauke wuta ba a riƙa tada injin da lodi sau ɗaya a wata dan batirinsa da man cikinsa kada su lalace a zaune.