Kafin a kai modem filashin: kurakuran da ke jawo jinkirin intanet a ƙauye

Masu POS, masu shagon cike fom ɗin JAMB da malaman makaranta a ƙauyukan Kano da Jigawa, yawancinsu da ƙaramin modem na 4G suke neman abinci. Da zarar ya fara jan ƙafa, sai ka ji an ce a kai shi birni a yi masa filashin, wato a sauya manhajar da ke cikinsa. Wannan shawara ta kashe na'urori lafiyayyu ba iyaka, kuma ita ce ya kamata ta zo ƙarshe.

Kuskuren farko, wato yarda da lambar gudun da ke jikin kwali, tsoho ne, tun zamanin da ake haɗa modem da wayar tebur ta NITEL yana ƙara kafin ya kama. A jikin kwali an rubuta 56k, bisa tsarin V.90 na 1998, amma da wuya layi ya kai haka, turawa kuwa ba ta wuce 33.6k. Wani lokaci kwamfuta ta nuna 115,200, mai ita ya yi ta murna, alhali gudun da ke tsakanin kwamfuta da modem ne kawai. Yau ma haka 150 Mbps ɗin da ke jikin kwali yake: iyakar abin da na'urar za ta iya ɗauka ne, ba abin da ƙarfen sabis na garinku zai ba ka ba. Sannan lambar Mbps, wato ma'aunin gudun intanet, sai an raba ta da takwas kafin a san megabait (MB) nawa ke sauka a daƙiƙa. Wanda ya auna ya ga 8 Mbps, megabait ɗaya zai riƙa saukewa a daƙiƙa, kuma lafiyar modem ɗinsa ƙalau.

Inda aka fi cutar kai shi ne wurin ajiya. Ana sa modem a aljihun tebur, cikin shago mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, ko a ƙuryar ɗakin ƙasa mai kaurin bango, sai a koma ana zargin kamfani. Sandunan sabis da ke fuskarsa ba sa faɗin komai sosai. Ka haɗa wayarka da shi, ka buɗe shafinsa. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, na ZTE da yawa 192.168.0.1, kuma adireshin yana rubuce a bayansa ko ƙarƙashin batir. Nemi RSRP da SINR. RSRP ƙarfin sigina ne: -85 ya yi kyau, -110 zuwa ƙasa wahala ce. SINR kuwa tsaftarta ce, idan ya kusa sifili, ko da sanduna sun cika, ba za ka ji daɗi ba. Ɗauki modem ɗin ka zaga da shi, taga, zaure, saman katanga ta ɓangaren da ƙarfen yake, kana duba lambobin. Sau da yawa taku biyar ne tsakanin aiki da rashinsa. In yana da ramin eriya, eriyar waje a kan dogon ƙarfe ta fi sabon modem amfani.

Akwai jinkirin da ba na na'urarka ba ne ko kaɗan. Ranar Alhamis a Maigatari, ko Juma'a a Wudil, jama'ar kasuwa duk ƙarfe ɗaya suke rabawa. Gwada bayan sallar asuba, ka sake gwadawa bayan isha'i. In da asuba yana gudu, cunkoso ne, maganinsa ajiye layin wani kamfani na ko-ta-kwana. Ka kuma danna *323# ka ga ko data ce ta ƙare, ka duba mutum nawa ke kan Wi-Fi ɗin, don lambar sirri tana yawo a unguwa fiye da yadda kake zato.

Zafin bazara ma yana da nasa. Modem da aka bari a caji dare da rana ƙarƙashin kwano yana rage gudu ko ya riƙa mutuwa yana tashi, batirin kuma ya kumbura. Inuwa da iska yake so, da caja mai kyau.

Masu buɗe modem don ya karɓi kowane layi su lura da abu biyu. Kamfanoni ba mita ɗaya, wato zangon da sigina ke tafiya a kai, suke amfani da ita ba, don haka na'urar da ba ta san mitar sabon layi ba za ta koma 3G, filashin kuma ba zai ƙara mata abin da ba a ƙera ta da shi ba. Sannan APN, wato saitin da layi ke shiga intanet da shi, na tsohon layi yakan zauna a ciki, sai an sauya shi da hannu. Kada kuma a yi ta cankar lambar buɗewa, a yawancin na Huawei kuskure goma ke kulle shi.

Yaushe ne manhajar ciki take da laifi? Idan sigina ta yi kyau, layin yana gudu a waya a wuri guda, na'urar ba ta yi zafi ba, an danna ɗan ramin da ke mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, amma har yanzu tana yankewa. A nan ne kawai. Ko a nan ɗin, fara da maɓallin sabuntawa da ke shafin modem ɗin. Fayil ɗin da aka turo a WhatsApp haɗari ne, domin lambar samfuri tana da wutsiya, wato ƙarin haruffa ko lambobi a ƙarshenta, kuma na'urori biyu masu kama ɗaya a ido na iya bambanta a ciki. Ka cika batir tukuna, in na bango ne ka jona shi a sola ko inbata, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa tana iya hana shi tashi har abada. Ka rubuta lambar manhajar da ke kai kafin a taɓa ta, ka kuma sani cewa filashin na bayan fage yana soke garanti.

In an bi duk wannan, maƙwabta ma suna kuka da layi ɗaya, to matsalar ƙarfe ce. Kira 300 ka kai ƙorafi ga kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafin ka adana. Idan ba su gyara ba, layin hukumar sadarwa ta NCC kyauta ne, 622, kuma za su tambaye ka wannan lambar.