Yadda za ka ba 'yan ajinku na sakandare labarinka bayan shekaru

Da farko ka nemi adimin ɗin gurup ɗinku na WhatsApp ya saka ka, galibi monitan ajin ne har yanzu yake mulki. Don Allah kar ka faɗo da "kun gane ni?", wa zai gane ka bayan furfura da tumbi.

Na biyu, ka yi sallama, ka faɗi cikakken suna haɗe da sunan tsokanar da aka laƙaba maka, da gidan kwananku in bodin ne, da shekarar da kuka zana WAEC, 'yan 1998 ma ba su san NECO ba tunda sai 2000 aka fara ta.

Na uku hoto biyu, na yunifom da na yanzu.

Sai labari a taƙaice, garin da kake, sana'arka, iyali. Ban da lissafa motoci da zuwa Umara, a cikin gurup ɗin akwai wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata kuma yana karantawa shiru.

Ka tambayi waɗanda suka rasu har da malamai, ka yi musu addu'a. In ana tara kuɗin zumunci ka karɓi lambar akawun wajen ma'aji, ka tambayi ranar taron bayan Sallah.