Yadda nake koya wa 'yan aji biyar lissafin namun daji

Ranar da na tambayi 'yan ajina a nan ƙasar Argungu wa ya taɓa ganin barewa da idonsa, yara biyu ne kacal suka ɗaga hannu, su ma a keji suka gan ta a gidan wani attajiri. Amma kowannensu ya haddace "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe". Abin ya tsaya mini a rai, shi ne na tsara wannan darasi.

Kada ka fara da allo. Nemi tsohon maharbi, ka je gidansa da ƙafarka da ɗan goro, ka ce, "Baba, yara nake so ka nuna wa sawu." Ka nemi izinin iyaye da mai gona, kuma kada ku yi nisa da gari. Daji irin na Kuyambana a Zamfara ba wurin kai yara ba ne a wannan hali na tsaro.

Ku fita da sassafe, kafin shanu su tattake ƙasa. Bakin gonar wake da kaka ya fi. Nan ne Baba ya durƙusa ya nuna mana sawun gada, ɗan ƙarami mai tsini, bai kai na akuya ba, ga 'yar kashinta, ga ganyen waken da ta tsinka. Ka bar yara su auna sawun da tsinken kara, su zana a littafi. Kar ka hanzarta su a nan. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba, ita ta fara gano inda sawun ya karkata zuwa sabara.

Da kun dawo inuwa, ka ba su labarin Sikotilan, wani yanki na Birtaniya. Can akwai barewar Turai mai ƙaho mai rassa, wanda namiji ke zubarwa duk shekara ya tsiro sabo, ba kamar tamu ba da ƙahonta ke nan har mutuwa. Kyarkecin da ke cin ta ya ƙare tuntuni, sai ta yi yawa har tana cinye ƙananan itatuwa. Don haka ma'aikatan manyan gandaye suke ƙirga ta, su harbe adadin da aka yanke, a lokacin da aka ƙayyade. Mu namu ciwon akasin haka ne, ƙarewa take yi, amma su da mu duka sai an ƙirga kafin a ɗauka.

Don su gane, raba wa ƙungiya biyu 'ya'yan tsamiya 20 kowacce, 10 mata 10 maza. Kowace "shekara" mace ta haifi ɗaya, kamar yadda gada ke yi. Ƙungiya ɗaya ta riƙa cire maza uku, ɗayar ta cire mata shida. Zagaye huɗu ya isa, masu cire mata da kansu za su fara kuka matan garkensu suna ƙarewa.

Sai ka tambaye su: me ya sa ake hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi na Argungu? Yaran Kabi sun san amsar tun daga gida. Daga nan zancen ƙona daji don kama gafiya da harbin mai ciki yake shigowa da kansa. Ka bar Baba ya yi shi, daga bakinsa sun fi ji.